Maɓallin da Na Ce Na Ado Ne

A makarantarmu ta wajen Shagari ba mai kirana da sunan yanka. A lokacin Injiniya ake ce mini. Ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba, lissafi nake koyarwa, amma na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Sakkwato. A cikin wata ukun nan, rabi babu wuta, rabi kuma mu shida muke layi a kan inji ɗaya. Duk da haka na dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, na kai wa mai hoto a Bodinga ya sa mini ita a gilashi. Rashin farin wata, tauraro ke haske. Da aka kawo wa makaranta kwamfuta guda ɗaya da sola, kowa ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na gyara zaman hula.

A ofishin Baba Akawu aka ajiye ta. Baba Akawu dattijo ne siriri mai farin gemu, wanda ya fi shekara talatin yana buga tafireta. Takardar ɗaukata aiki ma shi ya buga kwafinta. Shi ma a Bodinga yake zaune kamar ni, amma shi motar farko yake shigowa, yana buɗe ofis kafin mai shara ya gama. Ni kuwa babur gare ni, kuma babur ɗin nan bai taɓa kai ni makaranta kafin a buga ƙararrawa ba. Kullum akwai dalili. Yau taya, gobe mai shayi ya tsare ni da labari, jibi shanu sun tare hanya. Baba Akawu ne kuma yake jan mu sallar azahar a ɗan masallacin makaranta, ba don an naɗa shi ba, sai don in yana wurin ba wanda zai iya wuce shi ya shiga gaba.

Ni na koya masa kwamfuta, kuma gaskiya bai ba ni wahala ba. Haruffan suna inda ya san su. Linzamin nan da ake ja da hannu ne kawai suka ƙi shiri, da ya ji Turawa ɓera suke kiransa ya ce shi ba ya wasa da ɓera da tsufansa. Sai na nuna masa maɓallan kibiya guda huɗu, sama da ƙasa, hagu da dama, na ce su ishe shi. A rana ta uku ya sa yatsa a kan wani maɓalli can sama ta hannun dama, a tsakiyar wasu guda biyu, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wanga fa mi shika yi?"

Na sunkuya na karanta. Sikirol Lok. Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa lura da shi ba. Amma shugaban makaranta yana tsaye a bakin ƙofa, malamai biyu suna leƙe ta taga, kuma Injiniya ba ya cewa bai sani ba. Na danna shi, wata ƴar fitila koriya ta kama a kusurwar kibod. Na sake dannawa, ta mutu. Ba abin da ya motsa a allon.

"Wannan na ado ne, Baba," na ce. "Masu ƙerawa ne wuri ya rage musu suka cike. Ko sau ɗari ka danna shi ba abin da zai yi."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah sarki." Shugaba ya ce lallai ilimi kogi ne. Na fita ina jin kaina kamar ni na ƙera ta.

Kusan shekara biyu ba a ji kanmu ba. Wasiƙu, jarrabawa, takardun gayyatar iyaye, duk Baba Akawu yana zuba su tsaf. Yadda yake bugu abin kallo ne. Idonsa a kan takardar da yake kwafa, ba ya duban yatsunsa, ba ya duban allo, sai ya kai ƙarshe. Yana cewa akawun da ke leƙen abin da ya buga bai yarda da hannunsa ba. In zai tashi ko da alwala ce, sai ya kashe injin ya lulluɓe shi da tsohon mayafin tafiretarsa.

Sai ofishin ilimi suka aiko da wani sabon fom a cikin ƴar filasha. Ba wasiƙa ba ce, shafi ne mai gida-gida kamar gurbin dara, ya miƙe dama ya miƙe ƙasa ba iyaka. Ana son sunan kowane ɗalibi a gida ɗaya, sunan mahaifi a na kusa, sai aji, sai garinsu. Na kunna injin na nuna wa Baba: ka buga suna, ka danna kibiyar dama, ka buga na gaba, in layi ya ƙare ka sauko. Na buga layi uku a gabansa, na tafi aji, da ma na makara.

Wajen sha ɗaya ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune, hannuwa a kan gwiwa. Ya ce ya buga aji biyu cur. Na duba allo, fari fat, gidaje babu kowa. Na ja linzami na komo farkon shafi. Layi ukun da na buga suna nan. A gida na gaba kuwa kalma ɗaya ce tak: Lambara.

"Baba, ina yaran?"

"Ni ma su nika nema, Malam."

Aji biyu sun ɓace, an bar mana Lambara, garin yaron ƙarshe. Na yi abin da na iya, wanda shi ne kaɗai abin da na iya: na kashe na kunna. Na buga layi biyu, komai lafiya lau, ɗan akwatin da ke nuna inda kake yana tsalle daga gida zuwa gida kamar ɗan akuya. Na ce, "Ga ta nan, Baba, ka dai kula." Ya tashi ya raka ni bakin ƙofa kamar yadda ya saba, don bai taɓa fara aiki ina tsaye a kansa ba.

Washegari aka sake kirana. Wannan karon Danchadi aka bar mana. Ran Laraba kuwa ba gari ma, "aji biyu" kawai. Kowace rana na kashe, na kunna, na buga, ta yi. Kowace rana na juya baya ta ƙi. A ɗakin malamai aka samu abin yi. Malamin tarihi ya ce injin yana zaɓen garuruwan da yake so ne, a jira a ga ranar Sifawa. Wani ya ce a kira mai ruƙiyya. Har matar da ke kawo mana ƙosai da kunu ta ba da shawarar a turara ofishin, ta ce ita ma haka keken ɗinkinta ya taɓa yi. Ni ne na fi kowa dariya, ba zan ɓoye ba.

Ran Alhamis Baba ya karya dokarsa ta shekara talatin, ya buga yana kallon allo. Da na zo ya tare ni da bayani.

"Malam, na gani da idona. In na taɓa kibiya, ɗan akwatin ba shi motsi. Takardar ce ka gudu. Ita tana tahiya, shi shina nan tsaye inda na baro shi, duk abin da na buga kansa shika zuba, wani bisa wani."

Na ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Baba! Takarda da ƙafa? Gudu zuwa ina, Yabo ko Tambuwal?" Ya yi murmushi. Yau in na tuna, sai in ga duk Sakkwato ba injiniyan da zai bayyana matsalar nan fiye da yadda dattijon nan ya bayyana ta. Amma ni a lokacin haushi ma na fara ji, don kiran nan yana katse mini shan kunu.

Ofishin ilimi suka fara waya. Shugaba ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce in gaya masa tsakani da Allah, inji ne ko mutum? Na ce, "Ranka shi daɗe, ai ka gani. In na taɓa ta tana yi. Inji lafiyarsa ƙalau." Ya ce to mutum fa? Na ɗaga kafaɗa na ce tsufa ba ya sallama. Ya ce in rubuta. Na rubuta, na sa hannu, har na ƙara "Injiniya" a ƙasa, Allah ya yafe mini.

Da wannan takarda Shugaba ya yanke shawara. Ran Litinin wata jami'a za ta zo daga ofishin ilimi, Baba zai buga a gabanta. In ya kasa, a mayar da shi sito ya riƙa ba da alli da tsintsiya, a kawo wani a kujerarsa. Saura shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya. Mutumin da ya buga takardar kama aikin rabin malaman makarantar, a ce ya ƙare yana miƙa wa ƴan aji ɗaya tsintsiya. Kowa ya san abin da wannan yake nufi ga irinsa, har ni.

A kwanakin nan ne na lura da wani abu, amma ban ba shi muhimmanci ba. An tayar da iƙama ran Alhamis ɗin, sai Baba ya ja baya ya tura malamin Larabci gaba. Ya ce maƙogwaronsa. Sallar azahar kuwa ba a karatu a bayyane. Na ce a raina dattijo ya yi fushi ne.

Ran Litinin, abin al'ajabi, na iso kafin ƙararrawa. Mai gadi ya dube ni, ya dubi rana, ya tambaye ni ko lafiya a gida. Ba don Allah na yi sammako ba, an ce ni ne shaida, kuma ina son jami'ar ta san akwai Injiniya a makarantar nan. Na sa babbar riga. Na ma yi tunanin ɗauko takardar shaidata daga bango, matata ta ce in na fita da ita kada in dawo da ita.

Jami'ar wata Hajiya ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta gaida Baba har da rusunawa, ta ce ya yi aikinsa yadda ya saba kamar ba kowa. Aka jera mana kujeru a bayansa, ni da ita da Shugaba. A shekara biyu, ranar ce ta farko da na ga yadda Baba Akawu yake fara aiki.

Ya yaye mayafi ya ninke shi gida huɗu. Ya yi bisimilla ya kunna. Ya ciro wani ɗan burushi daga aljihu ya bi tsakanin maɓallai. Sannan ya buɗe farin shafi, ya soma danna haruffan da Hausa ba ta cika nema ba, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya goge su. Daga nan ya miƙa hannu can sama ta dama, ya danna maɓallan nan uku da ke jere. Ƴar fitila koriya ta kama. Ya yi mata ɗan murmushi, ya buɗe fom.

Na tsura wa fitilar ido, kamar na taɓa ganinta a wani wuri.

Hajiya ta ce, "Baba, dakata. Wannan da ka yi yanzu, na mene ne?"

"Ranki shi daɗe, al'adar tafireta ce. Harafin da ba a bugu shi ka cijewa. In ka bar shi wata guda, ranar da kaka bukatatai sai shi maƙale. Shi ya sa kowace safiya nika bin waɗanda ba a kulawa, in motsa su. In wani ya taɓa min inji ma sai na sake." Ya nuna fitilar da haɓa. "Duk cikinsu wanga kaɗai ka amsa gaisuwa."

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce ya danna kibiya. Ya danna. Takarda ta gudu. Wallahi ta gudu, ina kallo da idona biyu, shafin ya zame gefe, ɗan akwatin ya tsaya inda yake har ya ɓace. Ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa maɓallin, fitila ta mutu. Ta ce ya sake. Ɗan akwati ya yi tsalle zuwa gida na gaba.

Sai ta yi bayani, ba da ɗaga murya ba. Ta ce maɓallin tsoho ne, tun zamanin da kwamfuta ba ta da linzami aka yi shi, don mutum ya iya zagaya dogon shafi da kibiya ba tare da ya bar gurbin da yake aiki ba. Yanzu yawancin abubuwa sun daina sauraronsa, shi ya sa a wasiƙa ko ka danna ba ka ganin komai. Amma irin wannan shafi mai gida-gida har gobe yana jin maganarsa. Ta ce ita kanta tana kunna shi in tana duba dogon jerin makarantu, ta leƙa ƙasa ta dawo ba ta ɓata wurinta ba. In an kashe inji an kunna kuma, shi ma mutuwa yake.

Ka ji sirrin injiniyancina. Ina kashewa in kunna, fitila ta mutu, in buga layi biyu in yi gaba ina baza riga. Baba ya raka ni ƙofa, ya dawo ya gaida maɓallansa saboda baƙon hannu ya taɓa su, fitila ta kama.

Shugaba ya murtuke fuska, don yana son ya nuna wa baƙuwa akwai tsari a makarantarsa. Ya ce, "To Akawu, kai wa ya ce ka riƙa danna abin da ba ka san aikinsa ba? Ba ka da wanda za ka tambaya?"

Babbar rigata ta yi mini nauyi. Shugaba ya manta, amma ni ban manta ba, kuma na san Baba bai manta ba. Mutumin da ke tuna lambar fayil ɗin da aka rufe tun ina firamare ba zai manta wannan ba. Kalma uku kawai zai faɗa. Ko waiwayowa bai yi ba.

"Ba kowa, ranka shi daɗe," ya ce. "Karambanin tsufa ne."

Da ya tona ni, da na ji sauƙi. Zan yi ƴan kame-kame, in ce ba wannan maɓallin ya nuna mini ba, a yi dariya a wuce. Amma ya ɗauki kalmar da na rubuta a kansa ya yafa wa kansa don ya rufa mini asiri. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ji bakina yana magana kafin in ba shi izini.

"Ni ne. Ya tambaye ni tun ranar farko. Ban sani ba, na ce masa na ado ne. Na ce ko sau ɗari ya danna."

Hajiya ta dube ni daga hula har takalmi, ta tambayi Shugaba, "Wannan ne Injiniyan da ya sa hannu a rahoton?" Shugaba ya ce shi ne, da wata murya kamar an tambaye shi ko akuyar da ta ci shukar maƙwabci tasa ce. Ta buɗe jaka ta ciro rahoton ta miƙo mini, ta ce in ajiye, wataƙila in sa shi a gilashi. Ban san wanda ya ba ta labarin gilashin ba, amma ina zargin malamin tarihi.

Baba kuwa ya gyara tabarau, ya kafa ido a kan takarda, ya shiga bugu. Kafin Hajiya ta gama shan ruwa ya zuba aji guda, ko harafi bai kauce ba. Da ya kai ƙarshe ya kunna fitilar da gangan, ya zagaya shafin sama da ƙasa yana dubawa, ya kashe, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Hajiya ta ce a ofishinsu ma ba kowa ya iya wannan ba. Maganar sito ta mutu a nan.

Kafin a tashi labari ya gama makaranta. Injiniya ya mutu, aka haifi Na-Ado. Har yau shi ake kirana, har ɗaliban da aka haifa a idona. Mai ƙosai ma in ta zuba mini sai ta ce, "Ga naka, wannan ba na ado ba ne."

Da aka tashi na tsaya da babur a bakin ƙofa na ce Baba ya hau in kai shi gida. Shekara da shekaru muna gari ɗaya ban taɓa tayi ba. Ya hau. Muka yi nisa, gero da dawa a gefen hanya. Wajen wata bishiya na tsaya na kashe babur, don abin ya tokare ni.

"Baba, ka yafe mini. Na kusa sa a kai ka sito."

"Sito ba komi ba ne, Malam. Alli ma aikin gwamnati ne." Ya murza hular da ya cire saboda iska. "Abin da ya dame ni daban. Na ga takarda tana gudu da idona, kai kuma mai ilimin abin ka ce ba ta gudu. To sai na yarda da kai. Na ce ashe haka abin ka farawa. Na ga yadda ya fara ma mahaifina, shina ganin abin da babu." Ya mayar da hula. "Shi ya sa na bar shiga gaba. Na ji tsoron in ja mutane salla in rage musu raka'a ban sani ba. Ko a gida sai na sa tsohuwa ta zauna tana ƙirga min."

Ni ina can ina dariyar Yabo da Tambuwal, ashe dattijo yana gida matarsa tana ƙirga masa sujada. Idona ya cika, na yi kamar ƙwaro ne ya faɗa. Ya dafa kafaɗata ya ce in tayar mu tafi, kuma in rage gudu, shi ba takarda ba ne.

Washegari da azahar na riga kowa alwala, na shiga sahun farko, abin da ban saba ba. Aka tayar da iƙama. Malamin Larabci ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba kamar kwanakin baya, na riƙe masa hannun riga. Aka tsaya ana kallon juna. Baba Akawu ya dube ni ta saman tabarau, ya cire su ya sa a aljihu, ya taka zuwa gaba. Ya waiwayo ya ce a daidaita sahu, ya yi kabbara.

Raka'a huɗu ya yi, cif. Na sani, don Allah ya yafe mini, ban iya hana kaina ƙirgawa ba.